Hutun Damina: Ayyukan Hannu Da Magidanta Za Su Koya Wa 'Ya'yansu

Kowace shekara idan watan Yuli ya kusa ƙarewa, makarantun boko na Nijeriya su kan sallami yara zuwa dogon hutu, ba su komawa sai a cikin Satumba. A Jamhuriyar Nijar kuwa hutun ya fi haka tsawo, gama galibi sai Oktoba ta kama a ke buɗe makarantu. Asalin wannan tsari daga Turai ya zo. Can a Ingila da Faransa, Yuli da Agusta su ne watannin ɗumi da dogon yini, lokacin da iyali kan fito sarari bayan sun sha sanyi, iyaye su zauna da 'ya'yansu ana ƙere-ƙere da wasanni. A ƙasar Hausa kuwa zafin gaske tun bazara ya wuce. Hutun sai ya faɗo tsakiyar damina, a cikin marka, sa'ad da ruwa kan wuni yana zuba, ya tsare kowa a ɗaki.

Yaron ƙauye ba ya rasa abin yi a wannan lokaci, domin gona tana jiransa, ga maimai ga kiwo. Abin dubawa shi ne yaron birni. Makarantar allo ko Islamiyya ta kan ɗauki safiyarsa ko yammacinsa, sauran yinin kuwa yana hannunsa har kwana arba'in ko fiye. In ba a ba shi aiki ba, zai samar wa kansa: ko ya duƙufa kan wayar hannu da talabijin, ko ya bi abokai yawon kududdufi. Har wa yau akwai wata hasara da ba a cika lura da ita ba. Sana'o'in da a da kowane yaro ya kan tsinta a zaure ko a tsakar gida, kamar haɗa tawada da tufkar igiya da kaɗi, suna ƙarewa tare da tsofaffin da suka iya su, tun da roba da leda suka cika kasuwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. To, ga waɗansu ayyuka da magidanci zai iya tsara wa iyalinsa, waɗanda kayan yinsu ba su da tsada, galibinsu ma suna cikin gida.

Tawada da alƙalami

Ya dace a fara da abin da almajiri ba ya rabuwa da shi. Tawadar allo abu biyu ne da ruwa: gawayi da ƙaro. A sami gawayin icce mai tauri, malamai sun fi son na aduwa, a daka shi, a niƙa har ya yi laushi kamar kwalli, a tankaɗe da ƙyalle mai ƙananan idanu. A jiƙa ƙaro cikin ruwa ya kwana, in ya narke a tace shi daga ɓawo da ƙasa. Sa'an nan a riƙa zuba ruwan ƙaron a kan garin gawayi kaɗan kaɗan, ana damawa. Daka da tankaɗe da damawa duk aikin da yaro ɗan shekara bakwai zai iya ne.

Fa'idar da ke ciki ita ce yaro ya gane dalilin kowane abu. Gawayi ba ya narkewa a ruwa. Ƙaro ne ke riƙe shi kada ya kwanta a gindin kurtu, shi ne kuma ke manna shi a jikin allo. A bar yaron ya gwada da kansa. In ƙaro ya yi kaɗan, rubutu zai bushe ya kakkaɓe kamar ƙura. In ya yi yawa, alƙalami zai riƙa jan ƙafa, rubutu ya yi ƙyalli ya tsattsage. Kuma saboda gawayin a saman allo kawai ya ke zaune, shi ya sa ruwa ke wanke shi sarai. Ɗan falke kuwa sai a ƙara masa da cewa wannan ƙaro haja ce babba. Mafi kyawunsa daga daƙwara a ke samu da rani, Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi, Cadi da Nijeriya suna biye, masana'antun Turai da Amurka kuma suna sa shi cikin lemon kwalba da alewa da magunguna.

Tawadar takarda dabam ce. A farfasa 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, a tafasa, a tace, a jefa tsohon ƙarfe mai tsatsa a ciki, a rufe a ajiye 'yan kwanaki. Baurin bagaruwa in ya gamu da ƙarfe sai ruwan ya rikiɗe ya yi baƙi, kana a ƙara masa ƙaro. Wannan tawada shiga jikin takarda ta ke yi, tana ƙara duhu in ta sha iska, ruwa ba ya wanke ta. Saboda haka ba a rubutun sha da ita, kuma a raba kurtunta da na allo. Ja kuwa daga karan dafi a ke samu in an jiƙa shi da 'yar kanwa, rawaya daga gangamau. In akwai Alƙur'ani rubutun hannu a gidan, a buɗe wa yara su ga yadda marubuta kan sa wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, su san ba don ado kaɗai aka yi launukan ba.

Alƙalami daga busasshen karan gamba a ke yinsa. Gambar bana ɗanya ce a damina, sai a zaro ta bara daga tsohuwar zana. A yanke kamar taƙi guda, a fiƙe bakin, a tsaga shi kaɗan domin tawada ta sami hanyar sauka. Wuƙa a hannun babba za ta zauna, yaro ya tsaya yana kallo, sai an ga hankalinsa ya kai.

Kaba da igiya da kara

Kaba ganyen ƙaramar goriba ce, ana sayar da ita dami dami a kasuwannin ƙauye da na birni. Da ita a ke saƙa tabarma da malafa da mafici, da ita kuma a ke ɗinka faifai. Kada a fara wa yaro da tabarma, zai gaji ya watsar. A fara da mafici, wanda za a gama cikin yini ɗaya ko biyu. A tsaga kabar tsaga iri ɗaya, a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, gama busasshiya karyewa ta ke yi. Damina ta dace da wannan aiki, domin laimar iska tana hana kaba saurin bushewa a hannu. In ana son ado, ragowar ruwan karan dafi da aka yi jar tawada da shi zai rina 'yan tsagi.

Tufka ta fi saƙa sauƙin koyo. Ana tufka igiya da kaba, ko da ɓawon rama, ko da zaren tsohon buhu in babu waɗancan. Sirrinta ɗaya ne: kowane sili ana murza shi ta fuska guda, sa'an nan a naɗe su biyun ta ɗaya fuskar, sai kowanne ya riƙe ɗan'uwansa. In aka murza aka naɗe duk ta fuska ɗaya, da an saki za ta warware. Yaron da ya gane haka da hannunsa ya fahimci abin da a ke nufi da tufka da warwara fiye da wanda aka yi wa dogon bayani.

Ƙanana kuwa, karan dawa na bara ya ishe su. A ɓare ɓawon, a fito da totuwa, a yanka ta guntu guntu, a riƙa soka tsinken ɓawon a ciki ana haɗawa. Da haka yara suka saba ƙera mota da tabarau da keji da gadon 'yar tsana tun kafin kayan wasa na roba su zo. Amma fa ɓawon kara yana da kaifi, yana yanka, yana sa sartse, don haka babban wa ya ɓare wa ƙannensa.

'Yan mata in akwai tsohuwa a gida ko a maƙwabta mai mazari da taskira, kada hutu ya wuce ba su zauna gabanta ba. Su ga yadda a ke gurje auduga a fid da angurya, a shiɓe ta, a shafa alli a yatsa, a kaɗa zare ko abawa. Masu wannan ilimi sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma ba a rubuce ya ke ba.

Yumɓu da asusu

Ruwan sama ya kan tausasa yumɓu, ya sa haƙarsa ta yi sauƙi. Babba ya ɗebo daga fadama, a tsince tsakuwa, a cuɗa sosai, a gauraya da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi don kada ya tsage in yana bushewa. Yara su gina ƙananan tukwane da kasko da murhu. A shanya a inuwa, a yi haƙuri, domin a cikin marka abu ya kan yi kwanaki bai bushe ba. In aka gasa shi da sauran laima a ciki, ruwan zai zama tururi ya fasa shi. Abin da ya yi kyau a kai wa maginin tukwane ya haɗa da nasa in zai gasa.

Abin da ya fi amfani a gina shi ne asusu. Tun da kuɗin yanzu na takarda ne, a yi masa baki mai ɗan tsawo, a ajiye shi inda laima da gara ba za su kai ba. Duk wanda ya raina wannan sana'a ya juya takardar naira 20 ya duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi gini tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, ita ce mace ta fari a wurin. Daga baya an nuna aikinta a Landan da Amurka. Ta rasu a 1984.

Gayauna

A tsarin gandu na gargajiya, maigida ya kan yanka wa ɗansa 'yar gona tasa ta kansa, ita ce gayauna, abin da ya noma a ciki nasa ne. Gidan birni da ba shi da fili ba ya rasa buhu. A huda gindin buhun, a cika shi da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen taki, a jingine shi inda rana ke samu. Kowane yaro a ba shi nasa. A zaɓi abin da zai nuna kafin hutu ya ƙare ko jim kaɗan bayansa. Alayyafo cikin wata guda a ke fara yanka. Kuɓewa kamar wata biyu ta kan yi ta fara 'ya'ya. Wake kuwa cikin 'yan kwanaki zai tsiro, ya faranta wa yaro rai. In an tuge wake guda a nuna masa ƙananan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, a gaya masa ta nan ne wake ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa manoma ke shuka shi tsakanin gero da dawa.

Damina kuma ita ce lokacin dashe. 'Ya'yan zogale su kan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu. Darbejiya, wadda aka kawo daga ƙasar Hindu a zamanin Turawa har ta zama inuwar titunan Maiduguri da Sakkwato da Maraɗi, a ƙarƙashinta a kan sami 'yan tsiro birjik bayan ruwa. Yaro ya ciro ɗaya da ƙasarsa, ya dasa a ƙofar gida, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ban ruwa da rani ya zama wajibinsa.

A nan ne ɗan kasuwa zai shigo da nasa darasi. A ba kowane yaro ɗan littafi ya rubuta abin da aka kashe wajen kaba ko ƙaro ko iri, wannan ita ce uwar kuɗi. In ya sayar da mafici ko kurtun tawada ga maƙwabta, ko a rumfar mahaifinsa, ya rubuta abin da ya karɓa. Ya fid da uwa ya mayar wa mai ita, riba ta shiga asusu. In ya faɗi ma a bar shi ya rubuta faɗuwar, ya nemi dalilinta. Cinikin ya tsaya inda idon iyaye ya ke, gama nufin a koyi lissafi da amana ne, ba a mai da hutu tallan titi ba.

Ranar ruwa da hirar dare

Ranar da ruwa ya hana fita, zaure ya isa filin dara. A yi gurabe 30, layi biyar kowanne da gurbi shida, ko a zana su a kan kwali. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa 12, ɗaya ya ɗauki guntayen kara 12. Su riƙa dasawa bi da bi, ba a jera uku a lokacin dashe. In an gama sai a shiga tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ba a karkata. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗaya daga na abokinsa. Wanda 'ya'yansa suka gaza uku an cinye shi. Wasa ne mai koya wa yaro duban abin da zai biyo baya kafin ya ɗaga hannu. 'Yan mata suna da carafke, in gari ya washe kuma ga langa ga gaɗa.

Bayan isha'i lokacin tatsuniya ne da kacici-kacici. In babu mai bayarwa da ka, a ɗauko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa a 1937, babban yaro ya karanta a fili saura su saurara. Wanda ya fi wannan kuwa shi ne a sa yaro ya rubuta abin da ya ji daga bakin kakarsa: tatsuniya guda, ko sunayen kakanni da garin da suka taso, ko hanyar da kakansa ya bi zuwa Gwanja ko Makka. Ya rubuta da ajami, da alƙalamin da aka fiƙe masa da tawadar bagaruwar da ya haɗa. Duk yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru ya riga ya mallaki mabuɗin ajami, abin da ya rage a nuna masa haruffan da Hausa ta ƙara. An cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, daga naira 100 kuma a 2014, amma yana nan a jikin naira 200 da 500 da 1000. Su ma allo ne na gwaji a aljihun kowane uba.

Ziyarar masu sana'a

Alhamis da Juma'a, da ya ke makarantar allo ba ta zama, sun dace da fita. Wanda ke Kano ya kai yara marinar Ƙofar Mata. Tun a gida su ƙulle ƙananan tsakuwa a jikin farin ƙyalle da zare, su kai a tsoma musu. Za su ga abin mamaki: ƙyalle ya fito daga ruwan baba da ɗan kore, iska na bugunsa ya juye shuɗi, inda aka ƙulle kuwa ya fito fari. Daga nan ga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, inda dukawa da masu sayar da allo da littattafai su ke, ga kuma Gidan Makama. A Yamai akwai gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, a cikinsa maƙera da masaƙa da dukawa suna aiki a gaban jama'a. Wanda ke ƙaramin gari kuwa, maƙera da majema da masassaƙa na unguwarsa sun isa. A nemi izini, a gai da mai sana'a da girmamawa, a sayi ko ƙaramin abu ne daga gare shi.

Abubuwan kiyayewa

Na farko kududdufi. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini su kan cika da marka, gefensu da santsi, zurfinsu ba ya ganuwa, kuma kowace damina suna cin yara. Wanda ya tsira daga nutsewa ma bai tsira daga tsargiya ba. Tsutsarta daga jikin katantanwar ruwa ta ke fitowa, ta huda fatar mai wanka ta shiga. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ne kamar yadda waɗansu ke zato, cuta ce, maganinta yana asibiti.

Na biyu sauro. Gwangwani da tsingaro da tsohuwar taya da aka tara don ƙere-ƙere, in ruwa ya kwanta a cikinsu, kamar mako guda ko kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe ya tashi. A kife su kowace yamma, a kuma kwana cikin gidan sauro.

Na uku, kada a bar yara su fasa batir don neman baƙi, ko su niƙa dutsen da ba a san shi ba don neman launi. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu saboda gubar dalma, da ya ke ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana shiga abinci da bakin yara. Gawayi da bagaruwa da karan dafi sun wadatar.

Ba a bukatar a yi dukan waɗannan a hutu guda. Magidanci ya dubi shekarun 'ya'yansa da abin da ke kusa da shi, ya zaɓi biyu ko uku, ya tsai da lokacinsu, misali daga hantsi zuwa azahar, bayan an tashi daga karatu. Sharaɗin shi ne shi ma ya zauna, ko na rabin sa'a ne kafin ya tafi kasuwa, uwargida ta karɓa daga nan, gama yaro abin da ya ga babba ya ɗauka da muhimmanci shi ya ke ɗauka. Kada a yi dariyar maficin da ya karkace ko tukunyar da ta tsage, da rarrafe yaro kan tashi. Daren da za a koma makaranta a tara yara, a fasa asusu, kowa ya ƙirga nasa ya gwada da abin da ya rubuta a littafi. Wanda lissafinsa ya yi daidai a sa masa albarka a gaban 'yan'uwansa, kana a ajiye ragowar ƙaro da irin kuɓewa saboda baɗi. Allah ya raya zuriya, ya sa albarka a hannuwansu.